Haƙƙin da ba a sayarwa: ina Amurkawa suka samo shi a 1776?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin koyon aikin lauya ne. A darasinmu an kawo takardar da Amurkawa suka shelanta 'yancin kansu da ita a 1776, inda suka ce Mahalicci ya ba kowane mutum haƙƙin rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa. Malaminmu ya ce Thomas Jefferson kwafa kawai ya yi daga John Locke. Wani abokina kuma ya ce daga Musulunci suka ɗauko. Ina asalin wannan magana? Kuma yaya mutumin da ke da bayi zai rubuta cewa an halicci mutane daidai da juna?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminku ya faɗi rabin gaskiya, abokinka kuma ya hango kamanni ya ɗauka gado ne. Bari mu fara da abin da takardar ta ce, domin yawancin masu muhawara a kanta layi ɗaya suka haddace.

Ma'anar wurin ita ce: sun ɗauki waɗannan abubuwa a matsayin gaskiya bayyananniya wadda ba ta buƙatar hujja, cewa an halicci dukkan mutane daidai da juna, cewa Mahaliccinsu ya ba su wasu haƙƙoƙi da ba a iya raba su da su, daga ciki akwai rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa, cewa domin tsare waɗannan haƙƙoƙi ne ake kafa hukuma, kuma halaccin ikonta daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa, cewa duk lokacin da wani tsarin mulki ya koma yana rusa abin da aka kafa shi dominsa, jama'a suna da haƙƙin gyara shi ko kawar da shi. Bayan nan sai aka jero tuhume-tuhume 27 a kan Sarki George na Uku. Kai da kake koyon shari'a za ka gane ginin nan da nan. Ƙa'ida ce aka kafa a sama, aka kawo hujjoji a tsakiya, aka yanke hukunci a ƙasa cewa yankuna 13 sun fita daga hannun Birtaniya. Maganar haƙƙi ita ce harsashin ƙarar.

Me ya kai su ga wannan harsashi? Tun daga rikicin harajin hatimi na 1765, wato harajin da Birtaniya ta ɗora musu a kan takardu, mutanen yankunan suna jayayya da majalisar Landan, amma da harshen dokar Ingila suke yi. Cewa suke yi mu ma Ingilishi ne, kuma tun daga yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 da dokar haƙƙoƙi ta 1689 ba a ɗora wa Ingilishi haraji sai da yardar wakilansa. Wannan hujja tana aiki muddin kana cikin gida. Ranar da ka ce ka fita daga gidan, ba ka da bakin kafa hujja da gadon gidan. Yaƙi ya riga ya ɓarke a watan Afrilu na 1775, kuma suna neman Faransa ta taimaka musu, ita kuwa ba ruwanta da haƙƙin Ingilishi. Dole suka nemi wata doka da ta fi ta Ingila tsufa, wadda Bafaranshe da Basifaniye za su yarda tana hawa kansu. Shi ya sa farkon takardar ya ambaci dokokin halitta da Ubangijin halitta.

A ranar 11 ga Yuni 1776 majalisar da ke zama a Filadelfiya ta naɗa mutum biyar su rubuta shelar: Jefferson, John Adams, Benjamin Franklin, Roger Sherman da Robert Livingston. Jefferson, mai shekara 33, shi ya yi rubutun farko. Majalisa ta zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kawo kafin ta amince da shi ranar 4 ga Yuli. Zargin kwafa kuwa ba malaminku ya fara shi ba. Jefferson da kansa ya ba da labari a wata wasiƙa ta 1823 cewa Richard Henry Lee ya ce daga Locke aka kwafo, Adams kuma ya ce babu wani ra'ayi a ciki da ba a riga an tattauna shi har an gaji ba a majalisa. Jefferson bai yi gardama sosai ba. Ya ce bai buɗe littafi ko ƙasida ba lokacin da yake rubutun, kuma bai ɗauka aikinsa ne ya ƙirƙiro sabon tunani ba. A wata wasiƙar ta 1825 ya ce manufar ita ce a bayyana abin da ke zukatan Amurkawa, ya kuma ambaci mutum huɗu da ra'ayoyinsu ke yawo a lokacin: Aristotle, Cicero, Locke da Algernon Sidney.

Hannun Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, a bayyane yake, ba mai musun wannan. Littafinsa kan mulki ya fito a 1689, bayan an kori Sarki James na Biyu daga karaga, ko da yake ya rubuta yawancinsa tun kafin ya gudu Holan a 1683, shekarar da aka sare kan Sidney bisa zargin cin amanar sarki. Abokin gardamarsu duka biyun shi ne Robert Filmer, wanda ya ce ba a haifi kowa ɗa mai cikakken ikon kansa ba, sarakuna sun gaji ikon Annabi Adamu a kan zuriyarsa, don haka talaka a hannun sarki yake kamar yaro a hannun ubansa. Locke ya ce a'a. Kafin a yi sarki akwai mutane, kuma babu wanda aka haifa da rawanin mulkin wani a kansa. Sun kafa hukuma ne domin kowa yana zama alƙalin kansa a rigima, wannan kuwa ba ya kawo zaman lafiya. Saboda haka mulki amana ce da aka danƙa, kuma wanda ya ci amana ya sauke kansa. Har kalmomi sun ratso. Inda shelar ta ce mutane sun fi son su yi haƙuri da cuta muddin ana iya jure ta, sai dai idan zalunci ya yi jerin gwano mai tsawo, kusan haka Locke ya faɗa a babinsa na rushewar hukuma.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka yi nazari, domin a ganina nan ne zuciyar maganar. Kalmar da aka siffanta haƙƙoƙin da ita, wato "unalienable" a Turanci, daga bakin lauyoyin dukiya ta fito. Ma'anarta abin da mai shi ba ya iya sayarwa, ba ya iya kyautarwa, ba ya iya jinginarwa. Mafi kusa da ita a wurinmu shi ne wakafi, wanda ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta, ba a rabon gadonsa. Mutane da yawa suna fassara ta da "haƙƙin da ba a iya ƙwacewa", wannan kuwa ya rage mata ƙarfi. Ana ƙwace rai kullum, kowa ya sani. Abin da kalmar ke cewa shi ne ko kai da kanka ka sa hannu ka miƙa, cinikin bai ƙullu ba.

Me ya sa wannan ya zama babban abu? Domin masu kare mulkin danniya a ƙarni na 17 sun iya amfani da maganar haƙƙi su ma. Hugo Grotius, masanin shari'a ɗan Holan wanda littafinsa kan yaƙi da sulhu ya fito a 1625, ya yarda mutum yana da haƙƙi a kan kansa, sai ya ce tunda nasa ne yana iya sayar da kansa bawa, kuma al'umma gaba ɗaya tana iya miƙa wuyanta ga sarki ba tare da ta riƙe komai ba. Thomas Hobbes a 1651 ya ce tsoron kashe-kashe ya sa mutane suka sallama kusan komai ga mai mulki, abin da ya rage musu kawai shi ne kare ransu idan an zo kashe su. Ka ga ashe cewa "mutum yana da haƙƙi tun daga halitta" bai isa ya ɗaure hannun sarki ba. Sarki zai ce na yarda, kakanninku suna da shi, amma sun ba kakannina.

Amsar Locke ba ta falsafa ce zalla ba, ta imani ce. Ya ce mutane aikin hannun Mahalicci ɗaya ne, mallakarsa ne, shi ya aiko su duniya kan aikinsa, kuma za su zauna iya yadda ya so. Saboda haka ba ka da ikon kashe kanka. Tunda ba ka da wannan iko, ba ka iya ba wani shi, domin ba mai ba da abin da ba shi da shi. Duk yarjejeniyar da aka ce kakanninka sun yi ta miƙa rayukansu ga sarki ɓatacciya ce tun daga tushe. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma cewa muke yi rai amana ce, kuma mai riƙon amana ba ya cinikinta. Francis Hutcheson, malamin falsafa a Glasgow, shi ya fito da rabon a fili tun 1725: akwai haƙƙin da ake iya sallamawa, akwai wanda ba a iyawa, kuma na biyun shi ne iyakar kowace hukuma. Wasu masana tarihi, musamman Garry Wills a 1978, sun ce tasirin malaman Sikotilan irin su Hutcheson ya fi na Locke a kan Jefferson. Ni ina ganin Wills ya wuce gona da iri wajen rage Locke, amma ya yi daidai da ya nuna cewa rijiyar ba ɗaya ba ce.

Idan ka bi igiyar baya, za ka iske abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne dokar halitta, wato akwai daidai da kuskure da ba sarki ya kafa su ba. Wannan tsoho ne ƙwarai. Cicero, tun kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce doka ta gaskiya ba ta zama ɗaya a Rum wata a Atina, ko ɗaya yau wata gobe. Thomas Aquinas a ƙarni na 13 ya ɗora wannan a kan tauhidin Kirista. Amma dokar halitta nauyi take ɗorawa, tana cewa kada ka kashe. Na biyu shi ne haƙƙin halitta, wato wani abu da ke hannun kowane mutum wanda zai iya tsayawa ya ce nawa ne, ba ni. Aristotle ba shi da wannan, har ma ya ce wasu mutane bayi ne tun daga halittarsu. Juyawar daga nauyi zuwa haƙƙi ta faru a hankali a hannun malaman dokar coci na ƙarni na 12, sannan a rigimar da William na Ockham ya yi da Fafaroma a ƙarni na 14 kan ko mutum zai iya barin mallakar komai amma ya riƙe haƙƙin cin abin da zai rayu. Da Sifaniyawa suka faɗa wa mutanen nahiyar Amurka, Francisco de Vitoria ya koyar a Salamanca a 1539 cewa rashin bin addinin Kirista bai raba waɗannan mutane da mallakar ƙasarsu da sarautarsu ba. Daga nan zancen ya gangaro zuwa Grotius da Samuel Pufendorf da Jean-Jacques Burlamaqui na Janiba, waɗanda lauyoyin Amurka ke karantawa.

Sai batun jin daɗin rayuwa. Locke rai da 'yanci da dukiya yake jerawa, shelar kuwa ta sa neman jin daɗi a gurbin dukiya. Ba Jefferson ya fara ba. George Mason ya rubuta wa Virginia takardar haƙƙoƙi da aka amince da ita ranar 12 ga Yuni 1776, makonni uku kafin shelar, kuma a cikinta akwai rai da 'yanci da hanyar samun dukiya da neman jin daɗi da aminci. Locke kansa ya yi amfani da lafazin neman jin daɗi a littafinsa kan fahimtar ɗan Adam. Kada ka ɗauke shi da ma'anar holewa. A harshen wancan zamani ya fi kusa da abin da malamanmu ke kira sa'ada, wato mutum ya rayu rayuwa mai kyau cikin wadata da natsuwa da halin kirki, shi da jama'arsa. Game da barin dukiya, fassarar da ta fi gamsar da ni ita ce wadda ta dace da kalmar da muka tattauna: dukiya ana sayar da ita, ana kyautar da ita, to ba ta shiga jerin abin da ba a iya sallamawa. Jefferson ya rubuta a 1813 cewa tabbatacciyar mallaka kyauta ce ta dokar zaman jama'a. Ka lura kuma da cewa da aka zo rubuta doka ta ainihi, gyara na biyar ga tsarin mulkin Amurka a 1791 ya koma wa rai da 'yanci da dukiya.

Yanzu ga tambayarka mai nauyi. Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. A 1776 kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan nan bawa ne, kimanin 500,000. Locke kansa ya zuba jari a kamfanin sarauta na Ingila da ke fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma yana da hannu a tsarin mulkin Carolina na 1669 wanda ya ba kowane ɗa cikakken iko a kan bayinsa baƙar fata. Kada wani ya ce maka ba su ga saɓanin ba, wai zamaninsu ne. Sun gani sarai. Da Mason ya kawo layinsa na cewa an haifi kowa ɗa, wakilan Virginia sun tsorata kada bayi su kafa hujja da shi, sai suka cusa sharaɗin cewa haƙƙin yana aiki ne idan mutum ya shiga cikin al'umma, su kuma bayi a wurinsu ba su shiga ba. Jefferson ya sa wani dogon sakin layi yana la'antar fataucin bayi, ya ɗora laifin a kan sarki, majalisa ta cire shi, kuma ya ce an yi haka ne don a faranta wa Carolina ta Kudu da Georgia. A Landan, Samuel Johnson ya riga ya tambaya a 1775 yadda aka yi masu kora bayi da bulala suka fi kowa ihun neman 'yanci. Takardar nan kuma da ta ce an halicci kowa daidai, a cikin tuhume-tuhumenta ta kira 'yan asalin ƙasar mutanen daji marasa tausayi. Wannan abin kunya ne da ba ya wankuwa, kuma ba na son a lulluɓe shi da cewa ai kowa ɗan zamaninsa ne.

Abin da ya sa duk da haka nake ɗaukar takardar da muhimmanci shi ne waɗanda aka rufe wa ƙofa sun ɗauki maganar a bakin masu ita. Tun watan Janairu na 1777 Prince Hall da wasu baƙar fata suka kai koke majalisar Massachusetts suna cewa su ma suna da haƙƙin 'yanci na halitta wanda ba a iya raba su da shi. A 1781 wata baiwa da daga baya ta ɗauki sunan Elizabeth Freeman ta kai ƙara bisa tsarin mulkin jihar na 1780, wanda ya ce an haifi kowa ɗa kuma daidai, ta kuwa yi nasara. A 1848 taron mata na Seneca Falls ya sake rubuta layin ya ce maza da mata. A 1852 Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, ya tsaya a Rochester ya tambayi fararen fata mene ne 4 ga Yuli a wurin bawa. Kotun ƙoli a shari'ar Dred Scott ta 1857 ta ce marubutan ba su nufi baƙar fata ba, Abraham Lincoln ya ce sun kafa mizani ne na kowa, kuma sai da aka yi yaƙin basasa kafin a haramta bauta a 1865. Ka riƙe wannan a matsayinka na ɗalibin shari'a: shelar ba doka ba ce da ake kai ƙara da ita. Jeremy Bentham, masanin shari'a ɗan Ingila, ya yi wa irin wannan magana ba'a, ya ce haƙƙin da ba doka ta haifa ba shirme ne. Yana da gaskiya cewa haƙƙi marar kotu ba ya fitar da kowa daga kurkuku. Amma da doka ce kaɗai uwar haƙƙi, da Douglass ba shi da abin faɗa, tunda dokar ƙasarsa ta ce shi kaya ne.

Game da abokinka. Gaskiya ne Jefferson ya sayi fassarar Alƙur'ani ta George Sale a 1765 yana ɗalibin lauya, kuma gaskiya ne Aquinas ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd. Kamannin ma na gaske ne. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi Amr ɗan As, gwamnan Masar, tun yaushe kuka bautar da mutane alhali iyayensu mata sun haife su 'ya'ya. Imam Gazali ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Sai dai littattafan da marubutan shelar suka ambata da bakinsu, da waɗanda kalmominsu suka ratso cikinta, na Rum ne da na coci da na rigingimun Ingila. Al'ummomin da suka yarda Mahalicci ɗaya ne ya yi kowa suna iya isa wuri ɗaya ta hanyoyi daban. Kuma gaskiya ta sa mu faɗa cewa saɓanin nan bai tsallake mu ba: malamai sun ce asalin ɗan Adam 'yanci ne, Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa a 1615 cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne, ya ambaci mutanen Kano da Katsina cikin waɗanda bai halatta a bautar ba, amma kasuwannin bayi sun ci gaba da ci a ƙasashenmu har farkon ƙarni na 20.

Babi na huɗu na tsarin mulkin Najeriya da kuke karantawa ba kai tsaye daga Filadelfiya ya zo ba. Hukumar Willink ce ta ba da shawara a 1958 a sa haƙƙoƙi na asali domin a kwantar da hankalin ƙananan ƙabilu, aka kuma yi koyi da yarjejeniyar Turai ta 1950, wadda ita kuma ta biyo bayan shelar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. Waɗanda suka ɗauka kai tsaye su ne irin Laberiya a 1847, da Ho Chi Minh wanda ya buɗe shelar Biyetnam da layin Jefferson ranar 2 ga Satumba 1945. A ranar 11 ga Nuwamba 1965 gwamnatin Ian Smith ta fararen fata 'yan tsiraru a Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau, ta ɓalle daga Birtaniya da takarda da aka tsara bisa salon ta 1776, tun daga kalmomin buɗewa. Sun tsallake layin da ya ce an halicci dukkan mutane daidai da juna, sun kuma tsallake wanda ya ce ikon hukuma daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa.